Hawan Kilimanjaro: Kwanakin da Ake Ragewa da Mutanen da Ake Ƙwara

Babu dutsen da ya kai Kilimanjaro tsawo a duk faɗin Afirka. Ƙololuwarsa, wadda ake kira Uhuru, tana mita 5,895 sama da doron teku, a arewa maso gabashin Tanzaniya, dab da iyakar Kenya. Duk da wannan tsawo, ba a buƙatar igiya ko ƙugiya ko wata gwaninta kafin a kai samansa. Da ƙafa ake takawa tun daga ƙofar gandun da dutsen yake ciki har ƙarshe. Wannan sauƙin ne yake jawo dubun dubatar mutane kowace shekara, daga ɗalibai har 'yan fansho, kuma shi ne yake ruɗar su. Wanda ya ga hanya shimfiɗe a gabansa sai ya ɗauka ƙafa ce kaɗai za ta yi aiki, alhali huhu da jini da ƙoda ne za su yanke hukunci.

Tun 1991 hukumar gandun ta hana kowa hawa shi kaɗai. Dole a bi ta hannun kamfani mai lasisi, tare da ɗan jagora mai rajista. Saboda haka hawan ya zama kasuwa, kasuwar da ta cika garuruwan Moshi da Arusha da ofisoshi, kowa da allonsa da farashinsa. Wani zai ce maka kwana biyar, wani bakwai, wani tara. Wani zai yanka maka kuɗin da ya ninka na maƙwabcinsa, ga shi dutsen ɗaya ne, ƙololuwar ɗaya ce. Baƙo sai ya yi zaton bambancin na kaurin katifa ne da daɗin abinci. Akwai wannan, amma kaɗan ne. Mafi yawan rangwamen da ake yi a harkar nan daga wuri biyu ake yanko shi: daga kwanakin da jikin mai hawa yake buƙata kafin ya saba da iskar sama, da kuma daga haƙƙin 'yan dakon da suke ɗauke masa kaya. Na farko yana iya hallaka wanda ya biya kuɗin. Na biyu yana cin wanda ba a ma yi cinikin da shi ba.

Waɗanda suka fara kaiwa saman ba su yi gaggawa ba. A 1848 wani ɗan mishan Bajamushe, Johannes Rebmann, ya ba da labarin cewa ya hango ƙanƙara a kan wani dutse a tsakiyar ƙasar zafi, wasu masana a Ingila suka ƙaryata shi. Sai ranar 6 ga Oktoban 1889 Hans Meyer, shi ma Bajamushe, da Ludwig Purtscheller ɗan Ostiriya suka taka ƙololuwar, a yunƙurin Meyer na uku. Dabarar da ta fisshe shi ita ce kafa zango-zango a jikin dutsen, 'yan dako suna kai musu abinci daga ƙasa, su kuma suna kwanaki a sama ba tare da sun sauko ba. Ya raɗa wa ƙololuwar sunan sarkin Jamus, sunan ya zauna har bayan da Tanganyika ta sami 'yancin kai a Disambar 1961, lokacin da wani hafsan soja, Alexander Nyirenda, ya hau da tutar sabuwar ƙasar da wutar 'yanci. An mayar da dutsen gandun ƙasa a 1973, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. Abin lura a labarin Meyer shi ne, tun ranar farko da abubuwa biyu aka ci dutsen nan, wato kwanaki masu yawa da bayan mutanen yankin.

Kowa ya saba jin cewa babu iska a sama, amma zancen yana son gyara. Oksijin kashi 21 cikin 100 ne na iskar da ake shaƙa a Legas, haka kuma yake a Uhuru. Abin da yake raguwa shi ne nauyin iskar, matsin da yake tura ta ta ratsa huhu ta shiga jini. A ƙololuwar Kilimanjaro matsin ya faɗi zuwa kusan rabin na bakin teku, don haka kowane numfashi rabin kaya yake kawowa. Jiki yana da hanyar da yake bi ya saba. Da farko numfashi ya ƙaru, zuciya ta ƙara bugu. Sai dai yawan numfashi yana fitar da iskar kabon fiye da kima, jini ya kauce daga daidaitonsa, ƙwaƙwalwa ta taka wa numfashin birki. Sai ƙoda ta zubar da wani sinadari ta fitsari ta maido da daidaiton, kafin numfashi ya sami damar ƙaruwa yadda ake so. Wannan aiki na ƙoda kwanaki yake ci, kuma ƙarfin hali ba ya sa shi sauri. Ƙarin jajayen ƙwayoyin jini kuwa makonni yake ɗauka, ba ya ma cikin lissafin mai tafiyar mako guda.

Ciwon tsauni yakan fara taɓa mutane daga wajen mita 2,500. Wannan adadi ya shafe mu kai tsaye. Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos da muke kuka da sanyinta tana wajen 1,200, Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsauni a Najeriya, mita 2,419 ne. Duwatsun Bagzan na Abzin a Nijar sun ɗan wuce 2,000 da kaɗan. Ke nan babu inda ɗan Najeriya ko ɗan Nijar zai tsaya a ƙasarsa ya gane yadda jikinsa yake karɓar iskar sama. Sai dai a maƙwabta, kamar Dutsen Kamaru da ke bayan Buea, mai mita 4,000 da ɗoriya. Wanda ya tashi daga ƙasashen namu ya nufi Moshi bai san kansa ba ta wannan fuska, komai ƙarfinsa a filin ƙwallo.

Akwai kuma abin da ya fi damuna game da mutanenmu, wato sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da jinin AS. Mai SS ba shi da abin nema a irin wannan tsawo, domin ƙarancin oksijin shi ne ainihin abin da yake tayar masa da ciwo. Mai AS kuwa yakan rayu lafiya lau a ƙasa, har ya manta da zancen sai ranar da aka zo gwajin aure. Amma likitoci sun daɗe da sanin cewa a kan tsauni, idan wahala da ƙishirwa suka haɗu da ƙarancin iska, jini yana iya toshewa a saifar mai AS. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a gefen ciki na hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, wanda ake iya ɗauka ɓacin ciki ne a ba shi magani a ce gobe a ci gaba. Duk mai niyyar wannan tafiya ya san jinsin jininsa, ya zauna da likita, ya kuma gaya wa ɗan jagora tun kafin a bar gari.

Likitocin tsauni suna da ƙa'ida: idan an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma duk kwana uku ko huɗu a huta kwana guda. A ɗora wannan ƙa'ida a kan hanyar Marangu ta kwana biyar, wadda ta fi kowace araha. Ana tashi daga ƙofa a wajen mita 1,860, a kwana a Mandara a 2,700. Washegari a kwana a Horombo a 3,720, jibi a isa Kibo a 4,700. Kowace rana an hau wajen mita dubu, ninki biyu na abin da aka yarje. A Kibo ma ba kwana ake yi ba, kishingiɗa ce, domin da tsakar dare ake tayar da mutane a nufi ƙololuwa. Daga ƙofa zuwa Uhuru an hau mita dubu huɗu cikin abin da bai cika kwana uku ba. A Nepal, masu zuwa zangon gindin Everest suna tashi daga Lukla a mita 2,860, su ɗauki kwana takwas kafin su kai 5,364, da hutu a Namche Bazaar da wani a Dingboche. Wurin da suke nufa bai kai Uhuru ba da sama da mita 500, ga shi sun fara daga sama, ga shi sun fi ba kansu lokaci.

Hanyoyin Machame da Lemosho sun fi tausayin jiki, musamman idan an ba su kwana bakwai ko takwas. Akwai ranar da ake tashi daga filin Shira a hau har Lava Tower, wajen mita 4,600, a ci abincin rana a can kai na sarawa, sannan a gangaro a kwana a kwarin Barranco a ƙasa da 4,000. An nuna wa jiki abin da ke gaba, an kuma bar shi ya yi barci inda zai iya. Hanyar da take zagaye dutsen ta arewa takan ci kwana tara, kuma ita ce ta fi dacewa da abin da likitoci suke faɗa. Masu harkar duk sun san cewa yawan kwanaki yana ƙara yawan masu kaiwa sama, yana rage waɗanda ake saukowa da su a kan gado.

To me ya sa gajeriyar tafiya take da kasuwa? Domin a kan kwana ake biyan kuɗin gandun. Shekaru da dama farashin baƙo ya tsaya a dala 70 kowace rana kuɗin shiga, dala 50 kowane dare kuɗin kafa tanti, ko 60 idan ɗakunan Marangu ne, dala 20 kuɗin ceto, sannan harajin kashi 18 a kan duka. Tafiyar kwana bakwai ta tasam ma dala dubu ke nan kafin a sayi ko ƙwayar shinkafa, kafin a biya ko mutum ɗaya. A wannan farashi, kowane ƙarin kwana yana ƙara wajen dala 140 na hukuma kaɗai, ban da abinci da ladan ma'aikata. Kamfanin da yake son ya kayar da abokin gasarsa ba shi da ikon taɓa kuɗin hukuma, sai ya yanke kwana. Mai saye kuma yana duba lambobi biyu a waya, ya zaɓi ƙarama, yana ganin ya yi wayo. Kwanan da ya tsallake shi ne mafi amfani a cikin duk abin da zai saya.

Da yamma a zango, bayan an sha shayi da gugguru a tantin cin abinci, ɗan jagora yakan shigo da littafinsa da wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa. Tana nuna bugun zuciya da yawan oksijin a jini. A bakin teku lafiyayyen mutum yakan nuna 95 zuwa sama; a mita 4,000 ba abin mamaki ba ne a ga tamanin da wani abu. Sai ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Kanka yana ciwo? Ka iya cin abinci? Zuciyarka tana tashi? Kana jin jiri? Tambayoyin daga wani ma'auni aka ɗauko su, wanda likitoci suka tsara a Lake Louise ta Kanada a 1991. Gogaggen ɗan jagora ba ya tsayawa a kan lambar na'ura, don yatsa mai sanyi yana ruɗa ta. Yana kallon farantin da aka ture ba a taɓa ba, da mai surutun da ya yi shiru tun azahar, da wanda ya daɗe yana fama da igiyar takalminsa. Yana yin haka ne domin mutane suna ɓoye ciwo. Wanda ya yi shekara biyu yana tara kuɗi, ya sanar da dangi da abokai a Facebook cewa ga shi nan zuwa saman Afirka, da wuya ya buɗe baki ya ce kansa kamar zai tsage.

Ciwon kai da kasala da tashin zuciya su ne ƙaramin mataki, kuma maganinsu a tsaya inda ake, kada a ƙara hawa sai sun lafa. Manyan biyu ne masu kisa. Ɗaya ruwa ne yake taruwa a huhu: mutum yana haki ko a zaune, ga tari, leɓe ya yi duhu, ƙirji yana ƙara kamar tukunyar da ta fara tafasa, daga baya ya tofar da kumfa mai jirwayen jini. Ɗayan kumburin ƙwaƙwalwa ne: tangaɗi, ruɗewa, magana ba kan gado, barcin da ba a iya tayar da mai shi. Gwajinsa mai sauƙi ne, a ja layi a ƙasa a ce ya bi, dunduniya tana taɓa yatsa. Idan ya kasa, zance ya ƙare. Muguntar wannan ciwo ita ce yana fara lalata hankalin da mutum zai gane ba shi da lafiya, shi ya sa za ka ji yana rantsuwa cewa garau yake. Akwai magunguna. Diamox yana taimaka wa ƙoda ta yi aikinta da wuri, ko da yake yana sa yawan fitsari da ɗan zugi a yatsu. Akwai dexamethasone na kumburin ƙwaƙwalwa, da nifedipine na huhu, da tukunyar oksijin. Waɗannan ukun na ƙarshe lokaci kawai suke saya wa mara lafiya. Magani na gaskiya shi ne sauka, nan take, ko da ƙarfe biyun dare ne, ko da a kan gadon nan mai taya ɗaya da ake gangarowa da mutane a hanyar Marangu zuwa inda mota za ta kai su asibitin KCMC a Moshi.

Ƙarfin jiki ba ya kare kowa. A Disambar 2010 Martina Navratilova, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan tanis da duniya ta taɓa gani, ta hau Kilimanjaro don tara kuɗin agaji. Ruwa ya taru a huhunta, aka sauko da ita, ta ƙare a gadon asibiti a Nairobi. Sau da yawa ma matasa majiya ƙarfi ne suka fi shiga uku, saboda suna iya gudu su wuce abin da jininsu zai ɗauka. Shi ya sa 'yan jagora ba sa gajiya da faɗin "pole pole", wato sannu sannu, suna tafiya a gaba da wani taku mai ban haushi don jinkiri, ba sa barin kowa ya wuce su.

Daren hawan ƙarshe shi ne inda komai yake haɗuwa. Daga zangon Barafu, wajen mita 4,670, ana tashi da misalin sha biyun dare, kowa da tocila a goshi, sanyi yana iya kaiwa digiri 10 zuwa 20 ƙasa da sifili, ruwan gora yana daskarewa. Mita 1,200 ne a gaba, a kan tsakuwa mai zamewa, awa shida zuwa takwas. Ana isa bakin ramin aman wutar a Stella Point wajen fitowar rana, daga nan kusan awa guda zuwa Uhuru. A ɗauki hoto, a juyo, a gangara har zangon Mweka a wajen mita 3,100 a ranar. A wannan dare ne ake gane ɗan jagoran da aka biya. Tukwicinsa yana hannun mutumin da yake amai a gabansa. Kamfaninsa yana tallar cewa kusan duk wanda ya bi su yana kaiwa sama. Baƙon yana roƙonsa, wani har da faɗa da gorin kuɗi. Duk abin da ke kewaye da shi yana ce masa ya riƙe hannun mutumin nan ya ja shi. A ganina babban abin da ake saya a wurin ɗan jagora shi ne ya iya duban wanda yake biyansa ya ce masa iyakarka ke nan, mu koma. Hanya kam ba ta ɓata, ga sawun dubban mutane a kanta. Kuma ba zai iya faɗin haka cikin natsuwa ba sai ayarin yana da mataimaka isassu, yadda ɗaya zai sauka da mara lafiya sauran su ci gaba. Mataimakan nan suna cikin abin da kamfanin araha yake fara zaftarewa.

Yanzu a koma ƙofar Machame da safe. Baƙi suna zaune a rumfa suna shafa man rana, kowa da 'yar jakarsa mai ɗauke da ruwa da rigar ruwa. A can gefe ga dogon layi na maza, da 'yan mata ƙalilan, kowa da buhu a gabansa, ana ɗorawa a sikeli. Doka ta ce kayan kamfani kada su wuce kilo 20 a kan mutum guda, ban da nasa na sawa. A cikin buhunan akwai tantuna, tukunyar gas, kujeru, tebur, buhun dankali, kiret na ƙwai, wani lokaci har da bayan gida na tafi-da-gidanka. Kowane baƙo ɗaya yakan buƙaci 'yan dako uku ko huɗu. Su ne suke naɗe zango bayan baƙi sun tashi, su wuce su a hanya da kaya a ka, su kafa wani kafin su iso. A Barafu babu ruwa ko ɗigo. Duk kofin shayin da aka sha a can, da wanda Musulmi zai yi alwala da shi idan bai yi taimama ba, daga kwarin Karanga wani ya ɗauko shi a jarka.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An daɗe ana maganar shilin 20,000 a rana a matsayin mafi ƙarancin ladan ɗan dako, abin da bai wuce dala goma ba, kuma akwai kamfanonin da ko shi ba sa cikawa. Koke-koken sanannu ne: a auna kaya daidai a ƙofa, a sallami wasu bayan an shiga daji a raba kayansu a kan sauran, a ci abinci sau ɗaya a yini, mutum goma su cushe a tantin da baƙi suka gama cin abinci a ciki, wani sai ya ba da cin hanci kafin a ɗauke shi aikin, tukwicin da aka damƙa wa shugaban ayari ya maƙale a aljihunsa. Ɗan dako ba daga ƙarfe aka yi shi ba. Da yawansu daga ƙauyukan gindin dutsen suke ko daga nesa, ciwon tsauni yana kama su yadda yake kama kowa, sai dai su idan suka faɗa sun rasa ladan kwanakin da suka rage. A Satumbar 2002 'yan dako uku suka mutu da sanyi a kan dutsen da guguwa ta rutsa da su ba su da suturar kirki. A shekarar da ta biyo aka kafa ƙungiyar KPAP a Moshi, wadda take ba 'yan dako aron kayan sanyi kyauta, take bin diddigin lada da abinci da nauyin kaya, take kuma fitar da sunayen kamfanonin da suka yarda a sa musu ido. Duba wannan jeri ba ya cin minti biyar. Haka nan a ranar sallama babu abin da zai hana baƙo ya nemi sunayen dukan ayarin, ya faɗi adadin tukwicin a gaban kowa, ya miƙa wa kowane mutum nasa a hannu.

Wasu matafiya, musamman Turawan da suka saba yawon duwatsu su kaɗai, suna ganin tilasta ɗan jagora hanyar tatsar baƙi ce kawai. Da Nepal ta kafa irin wannan doka a Afrilun 2023 an sha wannan ƙorafi. Suna da hujjar da ba a raina ta: a 2018 binciken gwamnatin Nepal ya gano kamfanonin da suke ingiza baƙi su yarda a ɗauke su da jirgi mai saukar ungulu ko da ciwon bai kai ba, don a raba kuɗin inshora. Ɗan jagora ma ba ya hana ƙaddara. A Oktoban 2014 guguwar ƙanƙara ta kashe sama da mutum 40 a yankin Annapurna, cikinsu har da 'yan jagora da 'yan dako. Duk da haka ina bayan dokar, a Kilimanjaro dai. Dutsen da mutum zai iya takawa da ƙafa ya kai inda ƙwaƙwalwarsa za ta kumbura cikin kwana uku yana buƙatar wani mai cikakken hankali a kusa. Kuma ƙasar da take da dutsen tana da haƙƙin ta ce 'ya'yanta su ci abinci a jikinsa. Inda gyara yake shi ne horon da ake ba ɗan jagora, da kuma wa zai tsaya masa ranar da ya mayar da baƙo baya kamfani ya ji haushi.

Ana ƙara wa kasuwar zafi da zancen ƙanƙara, ana cewa a zo a gani kafin ta ƙare. Zancen yana da tushe: binciken Lonnie Thompson da abokan aikinsa ya nuna cewa kusan kashi 85 cikin 100 na ƙanƙarar da ke saman dutsen a 1912 ta tafi kafin 2007. A 2019 kuma gwamnati ta fito da shirin kafa motar da ke bin igiyar ƙarfe ta sama, ta kwashi mutane ta tsallake dajin ta sauke su a filin Shira. Ƙungiyoyin 'yan dako suka yi ca, don kwanakin aikinsu ne za a haɗiye. Ta fuskar lafiya ma, a ɗauki mutumin da ya karya kumallo a Moshi a dire shi a sama da mita 3,500 cikin mintuna, sannan a bar shi ya ci gaba da ƙafa, neman fitina ne.

Da za a ji tawa, ta wata fuskar za a taɓa tsarin. Muddin kuɗin gandun yana hawa da kowane dare, hukuma da kanta tana hukunta wanda ya bi shawarar likita, tana saka wa mai gaggawa. A mayar da shi kuɗi guda na hawa, ko a sassauta farashin kwana na bakwai da na takwas, yadda mai tafiyar kwana biyar ba zai ga wata riba ba. A daina sayar da Marangu ba tare da ƙarin dare a Horombo ba. Za a ce zangon Barranco da na Barafu sun riga sun cika maƙil a watannin Yuli zuwa Satumba, ga matsalar ruwa da bayan gida, ƙarin kwanaki zai ƙara cunkoso. Gaskiya ne, kuma amsarsa a ƙayyade yawan masu shiga kowace hanya a rana, yadda Peru ta tsayar da mutum 500 a hanyar Inka, har da 'yan dako a cikin lissafin, take kuma rufe ta duk watan Fabrairu don gyara. Hawan zai ƙara tsada, wasu za su jira shekara guda kafin su sami gurbi, ɗan dako kuma zai sami ladan kwana takwas a tafiyar da yanzu ake biyansa na biyar.